Waƙar da Babana Ya Ƙone

A cikin mota na ji ta, na taso daga Tudun Wada zan je gida duba Baba. Motar ta cika maƙil, an matse ni a baya tsakanin wata mata mai kaji a cinya da wani dattijo da ya mayar da kafaɗata matashi. Direba ya soka memori a rediyonsa, kiɗan fiyano ya tashi, irin wanda ake ɗora wa kowace waƙa yanzu har ba ka bambance ta biki da ta siyasa. Ban ko kula ba, ina tunanin miyar da zan yi wa tsoho idan na isa. Sai wata murya ta hau kan kiɗan, muryar namiji mai jini a jika, ta ce, "Ina mai garma?" Wasu muryoyi suka amsa, "Ya gudu!"

Wallahi sai da na waiga, kamar zan ga Baba a bayan mota rataye da gangarsa. Muryarsa ce, amma ba wadda na sani yanzu ba, mai rawa da tari. Ta lokacin da nake yarinya ce, ta fito tas kamar jiya ya rera. Mutumin da ke gaba yana kaɗa kai yana amshi, matar kajin ma leɓenta na motsi.

Na ce, "Direba, kashe wannan abin."

"Haba Hajiya, ita ake yayi fa."

"Na ce ka kashe!"

Ya kashe yana leƙena ta madubi kamar wadda aljanu suka taɓa. Na tambaye shi inda ya samo ta. Ya ce wajen masu turin waƙoƙi mana, ai babu kasuwar da babu ita, har rawarta an ƙirƙiro. Mutum zai duƙa kamar yana huɗa, ya yar da abin da ke hannunsa, ya zura da gudu, jama'a su kwashe da dariya. Yana faɗa yana gwadawa da hannu ɗaya. Na ce innalillahi a fili, har dattijon ya farka ya tambaya ko hatsari aka yi.

Sai na koma baya na faɗi abin da waƙar nan take, in ba haka ba za a ce wata mata ce kawai mai neman faɗa da direba. Ina da neman faɗan, ban musa ba, amma ranar ba shi ba ne.

Babana makaɗin noma ne a ƙauyenmu, can wajen Ɗansoshiya a ƙasar Kiru. Idan mutum ya kira gayya, wato ya tara maza su taya shi aikin gona, to sai an kira Baba da gangarsa da 'yan amshinsa. Aikinsa ya zuga masu garma. Wanda ya yi gaba ya sha kirari, wanda ya noƙe ya sha zambo, kuma babu mai fushi, don kowa ya san da haka ake zuwa. Wanda aka yi wa zambo yau, gobe shi zai fi kowa zafin nama. Bakin Baba kuwa ba ya jiran tunani, kafin ka gama tuntuɓe ya sa ka a waƙa.

A ƙauyen da ke gaba da namu akwai wani manomi da daga baya muka riƙa kira Baffa. A lokacin babu mai ja da shi a huɗa. Wata gayya da aka yi a tsakiyar damina, yana gaba ya ba kowa rata, sai wani mutum ya ratso ta gefen gona ya faɗa masa magana a kunne. Baffa ya saki garma a tsakiyar kunya, ko waiwaye bai yi ba, ya zura da gudu. Baba yana can ɗaya ƙarshen gonar. Abin da ya gani kawai shi ne gwarzon manomi ya yar da garma ya arce a gaban jama'a, abin da ba a taɓa gani ba. Nan take ya juya kiɗa. Ya kama sunan Baffa da sunan garinsu, ya ce rana ce ta kore shi, ya ce ya tafi ɓuya a ɗakin matarsa, ya ce a ba shi taɓarya tunda garma ta fi ƙarfinsa. Gonar ta ɗauki dariya. Ina gefe cikin 'yan matan da suka kawo fura, na ga maza suna jingina da ƙotar garma saboda dariya.

A cikin 'yan kallo akwai wani da ya dawo daga birni da rikoda, irin babbar nan mai cin batir. Ya danna maɓallan nan biyu tare, ya ɗaga ta sama.

Sai da aka tashi daga gona labari ya iso. Ɗan Baffa na fari, yaron da bai daɗe da iya tafiya ba, shi ne ya faɗa kududdufin bayan garinsu. Abin da aka raɗa masa ke nan. Ya isa ya tarar an riga an fito da yaron, babu rai.

Na tuna Baba ya dawo gida ya ajiye ganga a tsakar gida, abin da ba ya yi, ya zauna a ƙasa. Amma bai san da zancen rikoda ba sai daga baya. Mai rikodar ya wuce harkarsa, kaset kuma ya fara haihuwa. A zamanin nan idan kana son waƙa, ka kawo rikodarka a kara ta baki da baki da ta mai ita, ɗaya tana faɗa ɗaya tana ɗauka, a kori yara waje, a ce kowa ya riƙe tarinsa. Kafin a yi girbi waƙar ta shiga Kiru da Bebeji, masunta suna sa ta a Tiga, an ce har Doguwa ta kai. Waɗannan mutanen ba su san komai ba, sun dai ji zambo mai daɗi.

Baba ya je ta'aziyya ya kasa buɗe baki. Da ya ji zancen kaset ya sake komawa, wannan karon ya durƙusa a zauren Baffa. Shi ya ba mu labarin abin da Baffa ya ce masa. Ya ce, "Ba ka sani ba, na yafe maka. Ni na riga na ji ta a kasuwa, ina tsaye ana nuna ni. Abu ɗaya nake roƙo. Uwar yaron nan ba ta san abin da ka faɗa ba. Kada ta sani." Baba ya ɗaukar masa alkawari cewa matuƙar yana numfashi waƙar nan ba za ta shiga kunnenta ba. Matar ita ce muke kira Gwaggo.

Matan garuruwan biyu suka kama bakinsu, wanda ni har yau nake ganin shi ne abin mamaki mafi girma a labarin nan, don na san matan garinmu. Saura kaset. Da aka gama girbi Baba ya sayo sababbin kasa-kasai, waɗanda ba a ɗauki komai a kansu ba, ya zuba a jakar buhu, ya fara bin kasuwanni. Inda keke zai kai ya je a keke, inda ba zai kai ba ya hau bayan akori-kura. Maganarsa ɗaya ce, ba ni tsohon ka karɓi sabo. Mutane kaɗan ne suka ƙi. Duk wanda ya karɓa sai Baba ya tambaye shi, wa ya ɗaukar maka, kai kuma wa ka ɗaukar wa? Da haka ya riƙa bin sawu daga hannu zuwa hannu kamar mai cigiyar saniya.

Kunnensa ya ƙware har ya zama idan aka sa masa kaset zai faɗi nisansa da na asali. Na farkon shi yake kira uwa. Wanda aka ɗauka daga uwa muryar tana nan, amma da ɗan shuu a bayanta. Jika kuwa muryar ta fara nutsewa, sai ka kasa kunne. Idan aka kai tattaɓa-kunne ganga ce kawai ke fita, sauran kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Wannan shi ne abin da ya riƙa kwantar masa da hankali. Yakan ce waɗanda bai samu ba za su mutu da kansu, zafi zai narkar da wasu, rikoda ta tauna zaren wasu, wasu kuma a ɗauki wa'azi a kansu. Ya samo uwar a hannun mai rikoda bayan an sha fama, sai da aka haɗa da dattawa. A Tiga masu noman rani suka ce ya bar musu zaren kaset ɗin su ɗaura a gonar shinkafa, don yana ƙyalli yana korar tsuntsaye. Baba ya ce a'a. Innarmu ta ce ko tsuntsu ba ya so ya ji.

Rani ya wuce, wani ranin ya zo yana wannan yawo. Daga ƙarshe ya aika aka kira Baffa, ya zazzage buhun a bayan gidanmu, ya zuba kananzir ya ƙyasta ashana. Warin robar nan ya kwana a tufafinmu. Baffa yana tsaye da hannu a baya har wutar ta mutu, sannan ya ce, "Allah ya saka da alheri," ya tafi.

Daga nan Baba bai ƙara yi wa kowa zambo ba. Ya ci gaba da kiɗa na wani lokaci, kirari zalla, mutane suka ce kiɗansa ya rasa gishiri, a hankali aka daina kiransa, shi ma ya rataye gangar. Shi da Baffa suka zama aminai irin waɗanda ba sa yawan magana, su zauna a inuwa ɗaya su tashi. Gwaggo kuwa, bayan rasuwar Innarmu, ita ta zame mini uwa. Ita ta zo Tudun Wada ta yi mini wankan jego a haihuwar fari, tana tafka mini ruwan zafi tana ce mini raguwa. Wannan matar ce direba yake gaya mini ana rawar ranar mutuwar ɗanta a kowace kasuwa.

Ranar da na ji ta a mota ban gaya wa Baba komai ba. Na yi masa miya, na kwana, na koma. Washegari na shiga kasuwar Tudun Wada wajen masu turi, samarin nan da ke zama a ƙarƙashin lema da kwamfuta suna cika wa mutane memori da waƙoƙi. Na tambayi tushen waƙar. Ba su ɓoye ba, suka nuna mini wani situdiyo a bayan tasha, ɗan shago da aka manna wa bangonsa kwalin ƙwai don kada ƙara ta shiga.

Na shiga da niyyar cin mutunci, na haɗa kalmomina tun daga hanya. Sai na tarar da magidanci mai fara'a, wanda da ya ji ni 'yar mawaƙin ce ya miƙe tsaye ya ba ni kujerarsa. Ya ce shi aikinsa ke nan, yana bin ƙauyuka yana neman tsofaffin kasa-kasai kafin su lalace, don kada kiɗan iyayenmu ya ɓace. Wannan a wata ruga ya same shi ta wajen Doguwa, a ƙasan akwatin wata tsohuwa. Mijinta ya kawo shi, ba a daɗe ba rikodarsu ta mutu, suka tashi da shanu suka dawo, kaset yana kwance ba a taɓa shi ba.

Ya ce, "Hajiya, bari ki ji yadda na same ta."

Ya sa mini. Jika ce, ko ni na gane. Ganga tana fita, murya tana can ƙasa cikin shuu, idan ba ka san waƙar ba sai dai ka tsinci kalma nan da can. Sannan ya nuna mini a fuskar kwamfuta yadda ya wanke ta, ya cire shuu ɗin, ya ɗago muryar, ya shimfiɗa mata fiyano a ƙasa. Ya sa wankakkiyar, ya juyo yana murmushi.

"Kin ji ko? Yanzu kowace kalma tana fita."

Na ji kamar ya watsa mini ruwan sanyi. Abin da shekaru suka yi ta binnewa a hankali, shi mutumin nan ya zauna da ƙwarewarsa ya tono, kuma da kyakkyawar niyya. Na ba shi labarin tun daga gona har bayan gidanmu. Fuskarsa ta canza, ya dafe kai yana salati. Ya ce wallahi bai sani ba. Na ce kowa a labarin nan bai sani ba, shi ya sa muke inda muke. Nan take ya jawo waƙar a kwamfuta ya danna da yatsa ɗaya, ta ɓace. Ya zaro kaset ɗin ya miƙo mini da hannu biyu.

Ni da nake malamar makaranta, nake riƙe da waya a jaka, sai da na ji wani sanyi a raina. Na ce, "Shi ke nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Tawa ke nan, Hajiya. Na ba masu turi, sun ba mutane, mutane sun tura wa juna. An ɗora ta a intanet ma."

"To amma ai za ta dusashe. Idan ana ta kwafa daga wannan zuwa wancan, za ta kai inda ba a jin maganar."

Ban san lokacin da bakin Baba ya fito daga nawa ba. Mutumin ya dube ni da tausayi. Ya ce wannan ba ta dusashewa. Wadda ke wayar mutum na ƙarshe a can ƙarshen duniya, daidai take da wadda ya goge yanzu, ko ƙwayar shuu ba za ta ƙaru ba, bana ko baɗi ko bayan ranmu. Na fito, ga fushi ya cika ni, ga babu wanda zan sauke wa.

Dole na gaya wa Baba, don gara ya ji daga bakina. Kuma don in nuna masa sai da na sa aka tura mini ita a wayata, wato na ƙara guda a duniya. Na same shi a kan tabarma a gindin darbejiya. Na yi ta kewaye-kewaye har ya ce, "Ke, faɗi abin da ya kawo ki." Na faɗa. Ya ce in sa masa.

Da muryar ta fito, Baba ya kai hannu ya taɓa maƙogwaronsa. Bakinsa a buɗe har ta ƙare. Sannan ya ce, "Wannan ai uwar ce. Na ƙone uwar da hannuna."

"Baba, ba uwar ba ce. Yanzu babu uwa babu jika, duk ɗaya suke."

"A cikin me take zama?"

Na buɗe bayan waya na zaro masa memori, ɗan abu kamar farcen yatsa. Ya ɗora a tafin hannu yana jujjuya shi. Sai na ga fuskarsa ta saki, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, "Wannan ai ya fi sauƙi. Wancan karon buhu na ɗauka, wannan aljihu ma ya isa. Ki sayo mini sababbi."

Na yi bayani, na sake yi. Na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Na ce Baba wannan ba kaset ba ne, abin yana tafiya ta iska, ko ka tara memorin ƙasar Kano duka ba ka yi komai ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ke ba ki ɗauki alkawarin ba. Ni na ɗauka." Na sayo masa.

Ranar kasuwar Kiru na raka shi, don ba zan bar shi ya je shi kaɗai da sanda ba. Ya zuba sababbin memorin a wani gwangwanin alewa, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, muka sami benci kusa da masu turi. Ya fara maganarsa ta da, ba ni tsohon ka karɓi sabo. Da farko mutane sun ɗauka wani sabon salon talla ne. Sai wani ya gane shi, ya ɗaga murya ya ce jama'a ga mai waƙar nan da kansa. Kafin ka ce me an kewaye mu. Aka ɗaga wayoyi ana ɗaukarsa, ana cewa, "Baba, ina mai garma?" wasu na amsawa. Wani ya duƙa ya yi rawar a gabansa, ya yar da hularsa ya zura da gudu. Su a wajensu girmama shi suke yi. Shi kuma ba shi da damar cewa ga dalili, don idan ya faɗi labarin a tsakiyar kasuwa, kafin la'asar ya isa gidan da ake gudun ya isa. Na yi ta korar mutane da mayafina kamar mai korar kaji, ga kunya ga baƙin ciki.

Duk da haka wasu sun ba shi. Me zai hana, a ba da tsoho a karɓi sabo? Yana karɓa yana sawa a aljihun gaba, yana cewa Allah ya yi albarka. Sai wani mai shayi ya zo, mutumin kirki, ya durƙusa ya gaishe shi, ya zare memorinsa ya ba shi, ya karɓi sabo ya sa a waya. Ya koma gefe wajen abokinsa, suka kara wayoyinsu suna danne-danne. Baba bai gama rufe gwangwani ba muryarsa ta tashi daga wayar mai shayin nan, tas, daga farko.

Baba ya dubi mai shayi. Ya sa hannu a aljihu ya zaro memorin da aka ba shi yanzu, ya duba, yana nan. Ya sake duban wayar. Ya juyo gare ni, ya ce a hankali, "Ta ina ta fita?"

Ko ranar da Innarmu ta rasu ban ga irin wannan kallon a idonsa ba. Amsar na riga na ba shi a gida bai karɓa ba, yanzu kuma ya gani da idonsa. Jama'a suna ta hayaniya a kansa. Can ya miƙa mini gwangwanin ya ce, "Gobe ki kai ni wajen Baffanki."

Da hantsi muka isa. Baffa yana zaure, ya tsufa ya rankwafa, hannayen nan da suka riƙe garma sun zama kamar busasshen reshe. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gona da jikoki, Baba yana ta jan ta don ya rasa ta inda zai fara. Baffa ne ya taimake shi. Ya rage murya ya ce, "Na sani, Malam. Na ji ta tun kwanaki. Na hana jikokin nan kunna waya a gidan nan, suna cewa tsufa ya rikita ni. Ita dai ba ta ji ba tukuna." Baba ya fara cewa, "Na kasa," muryarsa ta karye. Na tashi na shige cikin gida, don bai kamata in ga wannan ba.

Gwaggo tana zaune a inuwar katanga tana ɓarar gyaɗa a faranti. Ta ce, "Lale, lale, 'yar birni. Mijin naki ba ya ba ki abinci ne kika rame haka?" Na durƙusa na gaishe ta, na ja kujera na sa hannu a gyaɗar. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta ce ƙaramar ta gado bakina, Allah ya ba mijinta haƙuri. Muna cikin wannan na ji babur ya tsaya a bayan katangar, daidai inda muke. Mai kifi ne daga Tiga, irin masu ɗaura sifika a babur don mata su san sun iso. Kiɗan fiyano ya cika gidan.

Na gane ta tun daga bugun farko. Na fara magana da ƙarfi, ban ma san me nake cewa ba, wani zancen makaranta da tsadar omo. Na ture kwanon ɓawon gyaɗa da gangan ya yi ƙara. Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Yi shiru."

"Gwaggo, shirmen yaran zamani ne, bari in ce ya matsa."

"Na ce ki yi shiru. Na san gangar nan."

Ta riƙe mini hannu, riƙo mai ƙarfi da ban san tana da shi ba. Muryar Baba ta shigo ta kan katanga. Ta kira sunan mijin Gwaggo, ta kira sunan garin. Rana ta kore shi. Ya tafi ɓuya a ɗakin matarsa. A ba shi taɓarya. Kowace kalma ta fita, kuma bayan kowace ɗaya maza suna amsawa suna dariya, dariyar ma an wanke ta tas. Daga waje na ji ƙarar sanda da muryar Baba ta yanzu, mai rawa, yana kiran mai kifi ya kashe don girman Allah. Kafin mutumin ya gane abin da tsoho yake nufi ya lalubo maɓalli, waƙar ta kusa ƙarewa.

Gidan ya yi tsit. Gwaggo ta saki hannuna. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta dubi farantin gyaɗa ta ce, "Muna bakin kududdufi ana neman sa, gangar nan tana tashi daga gona. Har aka fito da shi ina jin ta." Sannan ta ce, "Duk shekarun nan na ɗauka kirari ake yi wa ubansa. Nakan ce ko ba komai, a ranar ana yabonsa. Ashe dariya ake yi."

Na ce, "Gwaggo, ba su sani ba. Wallahi Baba bai sani ba."

Ta ɗago ta dube ni. "Ke kin san da ita?"

Na ce na sani. Ta tambaya ko matan garin ma sun sani, na ce sun sani. Ta gyaɗa kai, ta tattara farantinta, ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki ta saki labule. Na zauna a tsakar gida ni kaɗai da ɓawon gyaɗa a warwatse, na rasa ko in bi ta ko in fita.

Da na fito, Baba da Baffa suna tsaye a ƙofar zaure, mai kifi ya tafi. Babu wanda ya tambaye ni, sun gani a fuskata. Baffa ya koma ya zauna a hankali. Baba ya dogara sandarsa ya matsa bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, ya gyara murya ya yi sallama, yana jiran ta amsa daga ciki kamar kullum idan zai tafi. Ya sake yi, da ƙarfi kaɗan. Muka tsaya a rana muna jira, har na kama hannunsa muka kama hanya ba a amsa ba.